Na sayi Elspeth a Total War: Warhammer III saboda igwa kawai, ga abin da na gani

Jama'a ni dai a duk gem ɗin yaƙi da zan buga ba ruwana da jarumi mai takobi da doki yana ta tsalle-tsalle, ni mutumin igwa ne. Ka ba ni tudu, ka ba ni igwa huɗu da 'yan mashi su tsaya a gaba, sai in zauna in naɗe hannu ina kallon yadda harsashi ke sauka a tsakiyar runduna mutane na tashi sama kamar gugguru a kasko. Saboda haka da Creative Assembly, kamfanin da ya yi gem ɗin, suka fitar da ƙarin nan mai suna Thrones of Decay ranar 30 ga Afrilu 2024 aka ce akwai wata mata a ciki da aikinta kenan ƙera bindigogi da haɗa albarushi da tsafi, na san kuɗina sun riga sun tafi, lokaci kawai ake jira.

Ga wanda bai san gem ɗin ba, Total War: Warhammer III ya fito ne ranar 17 ga Fabrairu 2022, shi ne na uku a jerin, na farko 2016 na biyu 2017. Kamfanin a Ingila yake, Sega ke sayarwa, ita kuma duniyar da ake yaƙin a cikinta ta Games Workshop ce, masu wasan 'yan kananan sojojin roba da ake jerawa a kan tebur tun 1983. Akwai mutane, akwai wadanni masu gemu, akwai ɓeraye masu tafiya da ƙafa biyu, akwai matattu da suka ƙi kwanciya, kowa na son cinye kowa. Kana gina garuruwa a kan taswira zagaye-zagaye, idan runduna ta haɗu da runduna sai a sauko fili a gwabza kai tsaye. Kafin ka fara mafarki ka sani yana cin gigabait 120 a kwamfuta, ni kwana uku na yi ina daunlodin da datar dare, sau biyu ana ɗauke wuta a tsakiya, kada wanda ya ce ban faɗa masa ba.

Maganar kuɗi a gurguje. Ƙarin da ya gabaci wannan, Shadows of Change na Agusta 2023, dala 25 aka sa masa kuma mutane suka yi ca a kansu cewa kayan ciki bai kai kuɗin ba, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri a ƙarshen shekarar. To a wannan karon sai suka raba shi uku, kana iya sayen shugaba ɗaya kaɗai a kan kusan dala 9. Akwai Tamurkhan na ɓangaren annoba, akwai Malakai Makaisson na wadanni mai jirgin sama, sai Elspeth von Draken. Ni ita kaɗai na saya, kuma wannan tsarin na raba kaya ya yi min, don da an ce sai duka ukun da har yanzu ina kallon bidiyon wasu a YouTube ina haɗiyar yawu.

Elspeth matsafiya ce, tsafinta na mutuwa ne, kuma garinta Nuln shi ne garin maƙera da albarushi na daular mutane. Idan ta ƙara matsayi a wasan tana hawan wani diragon, amma wannan bai dame ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne makarantar harbi, Imperial Gunnery School. Yadda take aiki shi ne duk lokacin da 'yan bindigarka da igwoginka suka yi ɓarna a fili sai ka samu wasu takardun zanen ƙira, su ne kuɗin makarantar. Da su kake sayen gyara, wannan ya ƙara wa igwa nisa, wannan ya sa a riƙa ɗura ta da sauri, wancan ya ƙara wa harsashi ƙarfin fashewa. Kuma makarantar hawa-hawa ce, sai ka cika wasu sharuɗɗa na gwaji a fili kafin a buɗe maka mataki na gaba. A can sama akwai ɗakin makaman shunayya, Amethyst Armoury, inda ake ɗaukar bindiga ko roka ta yau da kullum a jiƙa ta da tsafin mutuwa, sai ta koma harba wuta mai launin shunayya.

Wallahi ranar farko da na samu Amethyst Helstorm, wato rokokin nan da aka tsaface, na jera su a kan wani ɗan tudu ina jiran rundunar Vlad von Carstein, shugaban matattun nan masu shan jini, da ta taso daga Sylvania, ƙanena yana zaune a bayana yana cin gyaɗa. Rokokin suka tashi gaba ɗaya da wata irin ƙara suka bar hayaƙi a sama sannan suka sauka a kan ƙwarangwal ɗin nan, fili ya koma shunayya, yaron nan ya miƙe tsaye ya ce Yaya don Allah sake yi. Na ce ai ba fim ba ne da zan mayar baya. A wannan ɓangaren, na kyan gani da ƙara da girgizar allo, ba ni da abin cewa, sun yi aiki. Ka sa abin sauraro a kunne ka matso da kyamara kusa da Helblaster, bindigar nan mai baki tara, ka ji yadda take amai.

Kuma tsafin ba ado ne kawai ba, yana da dalili a cikin lissafin gem ɗin. Akwai halittu irin fatalwowin Cairn Wraiths da aljanun Chaos waɗanda ƙarfe zalla ba ya cin su sosai, yawancin bugun ratsa su yake ya wuce. Harsashi mai tsafi ba ruwansa da wannan kariyar. Haka kuma wuta ita ce maganin masu warkar da kansu irin su dodannin Trolls, sannan mai sulke mai kauri sai harsashi mai huda sulke. Saboda haka tambayar me zan harba wa wa tambaya ce ta gaske a nan, kuma wanda ya ɗauki turmi, wato igwar nan gajeriya mai harbi sama ta faɗo, ya ce zai kashe ƙaton dodo da ita, ya ɓata albarushinsa ne kawai. Turmi na talakawan soja ne masu cunkoso. Dodo kuwa sai babbar igwa Great Cannon ta dube shi ido da ido.

Sauran kayan da ke cikin kwalin ma ba laifi. Nuln Ironsides 'yan bindiga ne masu sulke da ba sa watsewa da an taɓa su, Hochland Long Rifles na harbin nesa ne, akwai mahaya Knights of the Black Rose, akwai sabuwar tankar tururi, sai kuma Land Ship, jirgin ruwa ne sukutum da filafilansa amma a kan tayoyi yake tafiya a tudu, abin dariya abin tsoro. Akwai kuma lambunan Morr, wasu maƙabartu da take ginawa a garuruwa tana ɓacewa daga nan ta ɓullo can da rundunarta. Yana da amfani sosai idan an kawo maka hari ta baya, amma ni ban zo don shi ba.

To yanzu ga inda zan fara ƙorafi, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon surutun.

Na ɗauka ƙirƙira zan yi. Ashe saye zan yi. Makarantar nan kanti ce mai kyau, an jera kaya a kanta an rubuta farashi, kai dai ka tara takardu ka danna. Ba inda za ka ce bari in haɗa wannan da wancan in ga me zai fito, ba inda za ka zaɓi wannan ka rasa wancan har abada, idan ka daɗe kana wasa komai zai zama naka. Kuma duk gyaran ƙari ne a kan ƙari, ba wanda ke cizon mai shi. A kamfen ɗina, wato dogon wasan kan taswira, wajen zagaye na 50 na daina jin tsoron kowa, runduna ta taso da dubbai kafin su iso inda 'yan mashina suke rabi sun kwanta sauran sun juya. Daren farko daɗi, dare na biyar sai na kama kaina ina danna waya ana tsakiyar yaƙi. Igwa da ba ta ba ka tsoro kai mai ita, to ta zama famfo, ka murɗa ruwa ya zubo.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne asalin wasan na kan tebur ya san wannan sirrin. A can idan za ka harba igwa akwai wani dayis na musamman, fuskokinsa 2, 4, 6, 8, 10, ta shida kuma alamar tangarɗa ce. Idan ita ta fito sai ka sake jefawa a ga irin masifar da ta same ka, ko igwar ta ƙi tashi, ko ta tarwatse da ma'aikatanta gaba ɗaya. Duk harbi zuciyarka na bugawa. A gem ɗin kwamfuta an cire wannan, na kuma gane dalili, ba wanda zai so ya yi awa ashirin yana renon igwa ta fashe masa haka kawai. Amma ai da sun mayar da shi a nan ko da a kan makaman shunayya kaɗai. Kana ɗura mutuwa da kanta a cikin bututun ƙarfe fa, a ce ko sau ɗaya ba za ta waiwayo ta dubi mai ɗurawa ba?

Ku duba sauran ƙabilun gem ɗin ku ga yadda harsashi ke gaya maka halin mai harba shi. Goblins, wasu ƙananan halittu koraye, suna da Doom Diver, danƙo ne ƙato, harsashin kuma ɗan uwansu ne da aka ɗaura wa fukafukai da hula mai tsini, a harba shi yana ihun murna ya je ya faɗa kan abokan gaba, har kana iya karɓar tuƙinsa da hannunka ka kai shi inda kake so. Tomb Kings, sarakunan nan da suka tashi daga kabari, majaujawarsu ƙoƙunan kai take jefawa suna ci da wuta suna kururuwa, ba kisan ne kaɗai ba, karya zuciyar soja ne. Hellcannon ta Chaos ma ba igwa ba ce, aljani ne aka ɗaure a cikin ƙarfe, rayuka yake tofarwa, kuma a kan tebur idan ya fusata yana iya tsinke sarƙa ya yi kan kowa. Su kuwa ɓerayen Skaven ai su ne sarakunan abin, Plagueclaw na jefa ƙazanta da cuta, Warp Lightning Cannon na harba koriyar walƙiya, shi kuma Ikit Claw da ya zo a 2019 da ɗakin ƙirarsa yana da Doomrocket, harba ɗaya runduna guda ta shafe, kuma ɓera bai damu ba ko nasa na wurin. Kowanne ka gani ka san wa ya ƙera shi. Na Elspeth kuwa roka ce dai irin ta da, an shafa mata shuni an ƙara mata lamba.

Kuma ba wai masu gem ne suka fi kowa hauka ba, tarihi ya riga su. An ruwaito cewa a 1346 da sojojin Mongol suka kewaye garin Kaffa a Kirimiya gawarwakin waɗanda annoba ta kashe suka riƙa jefawa cikin gari, ga Plagueclaw nan tun kafin a haifi kakan mai zanen. A teku akwai ƙwallaye biyu da ake haɗawa da sarƙa don su yanke igiyoyi da turakun jirgi. A Jibraltar a 1782 Ingilishi gasa ƙwallon ƙarfe suka riƙa yi har ya yi ja kafin su harba wa jiragen da suka kewaye su, kuma wannan ɗin idan ba a toshe tsakaninsa da albarushi da jiƙaƙƙen abu ba to mai igwar ne zai fara tafiya. Henry Shrapnel ya fara aikin ƙwallonsa mai cike da ƙananan harsasai da ke fashewa a sama a 1784, sojan Birtaniya bai karɓa ba sai 1803, kusan shekara 20 mutum na fama da lagwanin da zai kama a daidai lokaci. Rokokin Congreve na Birtaniya ma daga na Tipu Sultan na Maisur a Indiya aka kwaikwayo su, kuma an san su da tafiya inda suka ga dama. Kowanne a cikinsu akwai abin da yake ba ka akwai abin da yake karɓa.

Sannan ga wata asara. A duniyar Warhammer iskokin tsafi takwas ne, wuta, sama, ƙarfe, dabbobi, rai, haske, inuwa, mutuwa. Takwas fa. Ɗaya kaɗai aka sa a harsashi. Na san ita matsafiyar mutuwa ce, amma daular na da kwalejojin duka takwas ɗin a Altdorf babban birninta, me zai hana a aiko mata da baƙi. Ni da ƙanena mun kwana muna lissafa abin da za a iya yi. Harsashin ƙarfe wanda idan ya fashe sulken abokan gaba zai yi zafi ya narke a jikinsu, ya zama mai kaurin sulke shi ya fi shan wuya, amma kuma bakin igwar na lalacewa duk harbi uku sai ta huta. Harsashin rai da ba ya kashe kowa, inda ya sauka sai ƙaya da sarƙaƙiya su tsiro su riƙe ƙafar dawakai, sai dai idan naka suka bi ta wurin su ma sun maƙale. Harsashin inuwa da ke saukar da duhu 'yan bakansu su daina gani, kai ma igwoginka su daina ganin abin da ke cikin duhun. Na sama kuwa ka harba yanzu ba zai sauka ba sai bayan minti ɗaya, sai ka yi hasashen inda za su kasance. Yaron ya ce Yaya na dabbobi fa a cika tulu da ƙudan zuma. Na ce wannan ai ba sai da tsafi ba, duk wanda ya taɓa jifan amya yana yaro ya san aikinsa. Ya ce to a sa yaji. Na ce kai dai yunwa kake ji.

Da abin ya ishe ni sai na ce bari in gwada da kaina. Akwai wata manhaja kyauta da masu gyaran gem ɗin ke amfani da ita, RPFM, tana buɗe maka teburan lissafin, ka ga kowane harsashi da layinsa, saurinsa, nauyinsa, guda nawa ke fita a harbi ɗaya, wace irin fashewa ce ke biye da shi. Gaskiya a nan ne na samu makarantar harbin da nake nema tun farko. Na ɗauki turmi na ce maimakon ƙwallo ɗaya ya riƙa fitar da 40, na kuma liƙa masa fashewar da ba tasa ba, ban taɓa lambar da ke hana su warwatsewa ba don ban ma san aikinta ba. Na shiga yaƙin gwaji ina murmushi. Harbin farko sama ta yi baƙi, rabi suka sauka a kan abokan gaba rabi a kan 'yan mashina, injiniyana da ke tsaye kusa ya tashi sama, fankar laftof ɗina ta fara kuka kamar injin markaɗe, allo ya daskare. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Amma ku yarda da ni, dariyar da na yi a daren nan ta fi duk wadda na yi a zagaye 50 na kamfen, har Hajiya ta leƙo ta ce lafiya kuwa, na ce lafiya lau Hajiya, sojojina na kashe. Ta dube ni ta ce Allah ya shirya, ta ja ƙofa.

Wanda ba ya son wahalar nan ya leƙa Steam Workshop, shafin da 'yan wasa ke ɗora abin da suka gyara, akwai gyare-gyaren mutane birjik, sai dai ka sani duk lokacin da aka yi wa gem ɗin ofdet wasu na daina aiki sai masu su sun gyara.

Wasu ƙananan abubuwa da ya kamata mai saye ya sani. Igwa a yaƙin cikin gari wahala ce, gini na tare harbi, sau da yawa za ka ga tana ta juyawa tana neman hanya ba ta harba komai ba, gara ka tsaya a waje ka rushe hasumiya tukuna. A daji ma haka, bishiya na cinye harsashi. Kuma ka riƙa kashe harbin kai-da-kai da zarar an haɗu gaba da gaba, in ba haka ba Helstorm ba ta san ɗan gida ba. Abokan gaba masu tashi sama da mahaya masu sauri su ne ajalinka, ka ajiye 'yan mashi ko runduna ɗaya a baya kusa da igwogin, ni sai da jemagun Vlad suka cinye min Helblaster biyu kafin na koyi wannan.

A dala 9 dai na ci kuɗina har da ƙari, awannin da na zuba a ciki ba zan faɗa ba don kada a kai ƙarata gida. Idan kai sabo ne kuma kana son ka ga wuta na tashi ba tare da an wahalar da kai ba, Elspeth ta fi Karl Franz, sarkin daular mutane, sauƙin farawa nesa ba kusa ba, saye ka more. Idan kuma ka daɗe a harkar to ka ɗaga wahalar gem ɗin tun daga farko, ko ka sa wa kanka doka, ni yanzu igwa huɗu kaɗai nake yarda a runduna kuma ba na taɓa makaman shunayya sai Vlad ya zo da kansa. Ina ba shi 7 cikin 10, da akwai harsashi ɗaya tak da ke iya fashewa a hannuna da na ba shi 9.

Turmin nan nawa kuma na rage shi zuwa ƙwallo 6, na gano lambar warwatsewar, yanzu ina neman yadda zan sa ya bar hayaƙi mai sa soja gudu a inda ya sauka. Ƙanena ya riga ya raɗa masa suna wai Yajin Nuln. Wanda ya san teburin da ake liƙa irin wannan tasirin a jikin fashewa don Allah ya taimaka min, na buɗe guda uku jiya duk ba su ba ne.